Goran Sarki a Hanyar Gabas

An ce wani sarki, a zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, ya haƙa rijiyoyi a kan hanyar alhazai, tun daga ƙofar birninsa har iyakar ƙasarsa ta gabas. Ya sa sankira ya yi shela cewa kada maniyyaci ya ƙara wahalar da kansa da ɗaukar salka. Gora ɗaya ya isa, domin wanda ya bar wata rijiya da asuba zai tarar da wata kafin rana ta yi zafi. Sarkin nan mutumin kirki ne, ba na musu, amma fa yana son yabo kamar yadda akuya ke son dusa.

Ana nan cikin bazara sai wani dattijo, Malam Tanimu, ya dawo daga Makka ta wannan hanya. Sarki ya sa aka kira shi fada, ya gyara zama yana jiran a zuba masa albarka.

Ya ce, "Ya malam, ka bi hanyata. Me ka gani?"

Malam ya ce, "Ya sarki, na ga ruwa mai sanyi, na kuma ga sababbin kaburbura."

"Me ya kashe su, alhali ga ruwa?"

"Ruwan ne ya kashe su, Allah ya ba ka nasara. Da babu rijiya, kowa na ɗaukar abin da zai kai shi. Yanzu sun ɗauki maganarka, sun bar salka a gida."

Kai, ran sarki ya ɓaci ƙwarai! Ya ce, "Ka ƙaryata ni a gaban jama'ata. Kawo hujja, ko ka ba da wuyanka."

Malam Tanimu bai ko girgiza ba. Ya ce, "Gobe ayari zai tashi. Ka ɓad da kama mu bi su a ƙasa, kowa da goransa ɗaya. In ka isa rijiyar farko da ko ɗigon ruwa a naka, wuyana halal ne gare ka."

Sarki ya yarda. Da asuba ya sa tsohuwar riga da malafa, ya shiga cikin maniyyata, ba wanda ya gane shi. Da fari tafiya yake da taƙama, yana waigen malam yana murmushi. Hantsi ya yi, babu rijiya. Rana ta take tsaka, babu rijiya. Rairayi ya ɗau zafi har yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, iska kuwa sai ka ce daga bakin murhu take fitowa. Leɓɓan sarki suka tsage, harshensa ya manne a dasashi. Jama'a duk sun shanye nasu, shi kuwa ya ƙanƙame goransa da sauran ruwa a gindi, ya rantse a ransa ba zai taɓa ba. Tsabar taurin kai, gara ya mutu da malam ya ci shi.

Malam ya matso kusa da shi, ya ce a hankali, "Ya sarki, wa ka aika ya auna tsakanin rijiyoyin nan?"

Sarki ya ce, "Waziri."

"A kan me ya yi tafiyar?"

Sai sarki ya tuna. Ashe a kan doki! Kunya ta rufe shi, amma bai saki goran ba.

Can sai wata tsohuwa mai suna Lantana, wadda ke ɗingishi a ƙarshen ayari, ta zube a gindin wata ƙaya marar inuwa. Ta ce wa masu tafiya, "Ku je, 'ya'yana. In kun isa Ɗakin Allah ku ambaci sunana." Mutane suka tsaya cirko-cirko, kowa na girgiza busasshen gora. Ruwa ɗaya ne ya rage a ayarin nan kaf, kuma sarki ya san inda yake. In ya ba ta, malam ya ci shi. In ya hana, ga sabon kabari a hanyarsa.

Sai ya durƙusa, ya tallafi kanta, ya kafa mata goran a baki har ya ƙare ƙaf. Tsohuwa ta buɗe ido ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai dai uwarka ta haifi mutum." Sarki bai taɓa jin yabon da ya kai wannan daɗi ba. Ya juya mata baya ya ce, "Hau, Inna." Ya goya ta, yana tangaɗi yana tafiya, gumi na shiga masa ido.

Sai bayan la'asar suka hango bakin rijiya. Maza suka ɗau kabbara, mata suka rangaɗa guɗa, aka ruga ana ja ana sha ana sheƙa wa juna. Ba a rasa rai ko ɗaya ba! Sarki ya sauke tsohuwa, ya cire malafa. Da jama'a suka gane shi sai aka zube ana gaisuwa, Lantana kuwa ta kama baki tana salati.

Ya kife goransa a gaban malam, ya ce, "Ka ci ni, malam. Wuyanka naka ne."

Malam ya ce, "Ya sarki, ni wuya ɗaya na tsira da shi. Kai ka tsirar da na duk wanda zai biyo hanyar nan."

Nan take sarki ya yi umarni a haƙa rijiya a inda tsohuwar ta zube. Ya kuma ce a sake auna hanya duka da tafiyar tsofaffi, a ƙasa, da tsakar rana, duk inda suka gaza, a haƙa rijiya a nan. Da Waziri ya yi ƙorafi cewa rijiyoyin za su yi yawa, sarki ya ce masa, "Je ka haƙa. Adalcin da mai rauni ba zai iya kaiwa gare shi ba, zalunci ne."