Ranar da Kyaftin Ya Kawo Katafila

An yi wani mutum da kowa ke kira Kyaftin, don shekara tara ya yi yana jan ƙungiyar ƙwallon garinsu kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Daga baya aka ba shi shugabancin ƙungiyar. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai Allah ya yi shi da gaggawa. In ya kira ka a waya ba ka ɗauka ba, kafin ka juya yana ƙofar gidanka yana sallama.

Filin da suke wasa tsoho ne, mallakar majalisar gari. Katangarsa ta kwano ce, bencinansa na katako, layi shida ko bakwai, na manta, da rumfa guda mai yoyo daidai kan kujerun manyan baƙi. Amma ciyawarsa babu kamarta. Kawun Kyaftin ke kula da ita, dattijo mai ƙarancin magana, wanda yakan cire takalmi kafin ya taka ta.

A wata shekara ƙungiyar ta yi ƙoƙari har ta haye babbar gasa. Hukumar gasa ta aiko cewa bayan mako shida masu duba fili za su zo. Ƙungiyar da ba ta da fili za a ba wata gurbinta, sai fa in ta nuna takardar majalisa cewa an amince a gina mata sabo. A nan za a bar ta ta ari fili na shekara guda. Kyaftin ya sa a ransa cewa masu dubawa ba za su amince da tsohon filinsu ba.

Dama akwai maganar gina sabon fili da kuɗin gwamnati, a nan inda tsohon yake. Ciyaman ɗin majalisar na so, amma zaɓe ya matso, 'yan adawa kuma ba su ga dalilin da za su bar shi ya kafa harsashi ana tafa masa ba. Wasu kansilolin suka ce rufin asibiti ya fi gaggawa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sau uku ana ɗage zaman.

Bayan ɗagewa ta uku Kyaftin ya tare wani kansila, abokinsa tun makaranta, a matakalar ofishin majalisa.

"Kai mutumina, sai yaushe? Ko sai na yi furfura?"

"Ai ka riga ka yi," in ji Kansila yana dariya. "Ka san abin da ke kashe mu? Tsohon filin nan naku. Duk wanda ya miƙe sai ya ce ai suna da wurin wasa, me ake sauri? Da babu shi, kunya ma sai ta sa su ɗaga hannu."

Kansila ya faɗi maganarsa ya shiga mota, ya manta. Kyaftin kuwa da ita ya koma gida.

Majalisa za ta sake zama ranar Alhamis. Ranar Litinin da hantsi sai ga Kyaftin da katafila, ya aro wurin wani ɗan kwangila mai kwaɗayin a ba shi aikin. Kawu yana ban ruwa ya ji rugugi, ya ajiye tiyo ya zo ya tsaya a ƙofa.

"Ɗan nan, me zan gani haka?"

"Kawu, ci gaba ne ya zo. Ka ɗan matsa."

"Ina takardar?"

"Ranar Alhamis."

"To ka dawo ranar Juma'a. Kwana huɗu ne. Ciyawar nan shekara ashirin ina bin ta, ba za ta gudu ba."

"In na jira za su sake ɗagewa. So nake su leƙo ta taga su ga ba mu da komai."

"Ka faɗa wa 'yan wasanka?"

"Za su gode mini daga baya."

Kawu ya naɗe tiyonsa, ya rataya a kafaɗa, ya ba da hanya. Kafin azahar rumfa ta faɗi. Kafin la'asar an kankare ciyawa an tara ta gefe kamar tsohuwar tabarma. Kyaftin ya sa aka haƙa rami a tsakiya, wai don a ga an fara harsashi. Akwai wata bishiyar mangwaro a bayan raga, da masu kallo ke hawa in wuri ya cika. Ita ma ta tafi, ban san laifinta ba.

Ranar Alhamis Kyaftin ya sa fararen kaya ya zauna a layin gaba. Ana buɗe zama jagoran 'yan adawa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, kafin mu yi maganar sabon fili, wa ya ba da izinin rushe kayan jama'a?"

Ciyaman, da yake zaɓe na gabansa, ya ce shi ma a bakin mutane ya ji. Kyaftin ya waiwaya yana neman idon abokinsa, Kansila ya sunkuya yana gyara takardun da ba su hargitse ba. Aka kafa kwamitin bincike, aka ce ba za a sake taɓa zancen fili ba sai ya kawo rahoto, bayan zaɓe.

Masu duba fili suka zo a ranar da suka faɗa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ramin ya cika, har kwaɗi sun tare. Babbansu ya duba hotunan tsohon filin da ke cikin fayil, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ai da ya wuce. Rufi kawai za mu ce ku gyara, ku ƙara ɗakin sauya kaya. Mun amince da waɗanda ba su kai shi ba."

Aka ba wata ƙungiya gurbinsu.

Mako guda bayan haka 'yan wasa suka yi layi a ɗan ofishinsa, kowa da takardar sallama, don su nemi wata ƙungiya kafin a rufe rajista. Ya riƙa sa hannu, ba ya ɗaga kai. Na ƙarshe shi ne mai tsaron raga, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana jiran ya buga babbar gasa, kuma ya san a shekarunsa ba mai ɗaukarsa. Ya karɓi takardarsa ya ninke, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, ba na riƙe ka da komai. Amma da ka tambaye mu. Mu fa filin nan ya ishe mu."

Ya fita, ya ja masa ƙofa a hankali.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya rushe abin da yake da shi saboda alkawarin da bai shigo hannunsa ba, balle alkawarin masu neman ƙuri'a, waɗanda kowannensu ke duban kujerarsa tukuna. Kyakkyawar niyya ba ta gyara abin da gaggawa ta ɓata. Kuma duk wanda aka ba amanar jama'a, ya tambaye su kafin ya yanke hukunci, domin in abin ya lalace, su ne za su fi shi ɗanɗana ɗacinsa.