Mabuɗin Baba Liti

Akwai wani dattijo a Karaye, zamanin Turawa, ana ce masa Baba Liti. Shi ne mai kula da ɗakin da 'yan ƙwallon gora, masu buga ƙwallo da sanda, suke sauya kaya.

Wani malamin elemantare ne ya zo da wasan daga Kano. Kafin a ankara samarin Karaye sun kama, na Rogo ma suka ce ba za a bar su a baya ba.

Ɗakin ba wani abin kallo ba ne, soro ne a gefen fili. Amma Baba Liti ya riƙe shi hannu bibbiyu. Ya share, ya cika randa, ya wanke rigunan wasa. Sanduna kuwa sai ya shafe su da man gyaɗa ya rataye, don kada gara ta taɓa su. Da wannan aiki yake ci da gidansa.

Akwai wata doka. Tun ranar da zoben wani ya tsage wa wani goshi, alƙalin wasa ya hana shiga fili da zobe ko laya ko kambu, wato layar da ake ɗaurawa a damtse. Kowa sai ya kwance nasa ya sa a ƙwarya, Baba Liti ya kulle ɗaki, ya rataya mabuɗi a wuya.

Ranar da 'yan Rogo suka zo Karaye, wani ɗan wasansu mai suna Nasidi ya addabi kowa. Da aka tafi hutun rabin lokaci, sai ga Ɗanmaliki, kyaftin ɗin Karaye, yana huci. Kawunsa ne attajirin gyaɗar da ke ɗaukar nauyin ƙungiya, shi ya sa yake ji da kansa.

Ya rage murya ya ce, "Baba, buɗe mini. Kambun Nasidi nake so. Tsoma shi kawai zan yi a kwata asirinsa ya karye, in mayar."

Ka ji fa! Mutum ya fi ka gudu, kai ka ce kambu ne, kambun da ke kwance cikin ƙwarya.

Baba Liti ya ce, "Ɗana, yaron nan da hannunsa ya miƙo mini, bai ma san sunana ba. Ba zan buɗe ba."

"Mu muke ba ka abinci ko 'yan Rogo?"

"Ku ne. Amma ba zan buɗe ba."

Ya jawo tabarmarsa ya zauna a bakin ƙofa.

Rogo ta ci wasa. Ɗanmaliki ya bi gari yana cewa tsoho ya sayar da su. Kafin Juma'a ta zagayo an karɓe mabuɗi.

Abin ya yi wa Baba Liti ciwo ƙwarai, don har yara sun fara nuna shi a kasuwa. Matarsa Kubura ta ce, "Malam, da ka kau da kai kaɗan, wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani, Kubura. In faskare ne zan yi, mu ci."

Faskaren ya yi kuwa, har damina ta wuce.

Maganar ta bi 'yan kasuwa har Rogo. Wata safiya sai ga Nasidi a kan keke. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce sun gina ɗakinsu, kuma ba wanda suke so ya riƙe sai shi.

Da lokacin ramuwa ya zo, 'yan Karaye suka isa Rogo. Ɗanmaliki ya doshi ɗaki, sai ya yi turus. Ga Baba Liti zaune, mabuɗi a wuya.

A yatsan Ɗanmaliki akwai zoben azurfa na mahaifinsa marigayi, abin da ya fi ƙauna a duniya. Babu damar shiga fili da shi. Ya zare ya sa a ƙwarya, ya kasa haɗa ido da tsohon.

Da aka tafi hutu, Karaye ce a gaba. Ɗanmaliki ya zagayo shan ruwa, sai ya ji murya a bakin ƙofa, ya tsaya a bayan bango. Wani Jibo ne, ɗan Rogo mai zafin kai.

"Baba, yau ranarka ce. Wanda ya raba ka da abincinka, ga zobensa a hannunka. Ba ni in jefa a rijiya."

Baba Liti ya ce, "Ba zan buɗe ba."

"To mu ma sai mu karɓe mabuɗinmu!"

"Ku karɓa in an tashi, gatarina yana nan. Amma kafin nan ba mai shiga."

Nasidi ne ya zo ya janye Jibo, yana yi masa faɗa.

Da aka tashi, Baba Liti ya miƙa wa kowa kayansa. Ɗanmaliki ya ɗauki zobensa, sai ya zube a gaban jama'a yana hawaye.

"Baba, ka yafe mini. Ƙarya na yi maka."

Baba Liti ya ɗago shi ya ce, "Na yafe, ɗana. Amma ka duba, da na buɗe maka a Karaye, yau ma da na buɗe wa Jibo."

Karaye ta aiko a mayar masa da mabuɗi. Rogo ta ce ai ba ta san zancen ba.

Darasi: Amana ba ta da ɓangare. Wanda ya ƙi cin amanar wani saboda kai, shi ne zai ƙi cin taka saboda wani, don haka kada ka tsane shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda aka taɓa damƙa wa mabuɗi.