Kurar Bakin Rijiya

Dalilin da ya sa ake ce wa faifan itacen nan da ke juyawa a saman rijiya kura, alhali ba ta da haƙori ko ɗaya, ku matso ku ji, yara.

A da can, a Tungar Gawo, da ƙarfin ƙugu ake jan ruwa. Mutum ya tsaya daf da bakin rijiya, ya duƙa, ya yi ta ɗago guga. Wata shekara rani ya yi tsanani, ruwa ya gudu can ƙasa, maza kuma duk sun tafi cin rani. Aka bar mata da tsofaffi da awaki masu ƙishi.

Akwai wata mata mai suna Tabawa, tana da tsohon ciki. Ran nan tana jan ruwa, nauyin guga ya fizge ta, ƙafarta ta zame, da ƙyar ta tsaya a bakin ramin. Ta koma gefe ta zauna. Da ta ɗaga kai sai ta ga reshen gawo ya ranƙwafo a kan rijiyar. Ta tashi ta jefa igiyar ta kansa, ta ja da baya, ta jawo ƙasa. Sai ga guga yana hawowa, ita kuwa tana nesa da rami, nauyin jikinta na taya ta.

Amma reshen yana da kaushi. Kafin azahar ya ci igiyar ta kusa tsinkewa, kuma ita ce igiyar da ta rage a garin.

Tabawa ta nufi gidan Barmo, wani tsohon masassaƙi. Ta ce, "Baba, ina son reshen da ba ya cin igiya."

Ya ce, "'Yar nan, duk abin da ya tsaya cik, igiya ta goge shi, sai ɗaya ya ci ɗaya."

Ta ce, "To, kada ya tsaya mana. Ya riƙa tafiya tare da ita."

Barmo ya miƙe. Ya jawo gindin wani turmi da ya fashe, ya sassaƙe shi ya zama faifai, ya yi masa kwari a gefe inda igiya za ta kwanta, ya huda tsakiya ya zura sanda. Suka kafa gwafa biyu a bakin rijiya, suka ɗora.

Tabawa ta ja. Faifan ya juya, ya saki wani irin kuka mai kama da dariya. Awaki suka watse. Wata tsohuwa ta ƙwala ihu daga cikin gari, "Kura! Kura a rijiya!" Mata suka fito da taɓare da muciya. Da suka iso, sai suka tarar da Tabawa riƙe da guga cike fal, Barmo na dariya har da hawaye.

Ya nuna faifan ya ce, "Ga kurar taku nan. Ku zo ku ja wutsiyarta."

Kowa ya ja, har tsohuwar da ta yi ihun. Kafin la'asar duk tulunan garin sun cika, igiya kuwa lafiya lau.

Shi ya sa har yau ake kiranta kura. Kuma ita kaɗai ce kurar da in ta yi kuka, awaki ke rugowa wajenta.