Manomin da Ya Tashi Tun Ƙarfinsa Bai Dawo Ba

Akwai wani manomi wanda tun tasowarsa damina ba ta taɓa samunsa a zaune ba. Wata shekara, ana cikin noman fari, zazzaɓi mai zafi ya kayar da shi har mako uku. Yayansa ya kira gayya aka nome masa gona. Da zazzaɓin ya sauka, mai magani ya ce ya ƙara wata guda bai taɓa fartanya ba, in ba haka ba ciwon zai dawo, ya kuwa fi na farko muni.

Sai ya riƙa zama a gindin ɗorawar ƙofar gidansa. Duk wanda ya tambaye shi ya jiki, sai ya ce da sauƙi, gama haka muke amsawa ko da jiki bai warware ba. Shi kaɗai ya san ko ƙoƙon kunu da ƙyar yake iya ɗagawa.

Wata rana maƙwabcinsa ya dawo daga gona, jiƙe da gumi, ya yi dariya ya ce, "Kai kam ka more, hutu a tsakiyar damina." Wasa yake yi, bai nufi mugunta ba. Amma maganar ta soki manomin ƙwarai, har ya ji shi kaya ne a kan 'yan'uwansa.

Kashegari, matarsa tana wajen rijiya, ya saɓa fartanya ya sulale. Ko rabin kunya bai nome ba idonsa ya yi duhu, ya zube. A nan yayansa ya same shi. Bai yi masa faɗa ba. Ya ba shi ruwa, ya jingina shi da kafaɗarsa, sa'an nan ya nuna masa gefen gonar inda aka yi dashen dawa shekaranjiya. Ganyenta duk ya yi laushi, ya kwanta a ƙasa.

"Ga raggayen can," in ji yayan. "Sauran dawa tana girma, su suna kwance. In tuge su?"

"Haba Yaya, ai kama ƙasa suke yi. In ka taɓa su yanzu, sun mutu."

"To, ƙanena, kai ma kama ƙasa kake yi. Gona tamu ce mu duka, amma ba ni da wani kamar kai."

Manomin ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa. Yayan ya goya shi a baya har gida, yadda ya saba yi suna yara.

Ma'anar wannan misali kuwa ita ce: mai hutu yana da ƙarfinsa, shi ya ajiye fartanya, ran da ya ga dama ya ɗauka. Mai murmurewa ƙarfinsa ne ya tafi, yana jiran Ubangiji ya mayar masa da shi kaɗan kaɗan. Daga waje dukansu a inuwa suke, amma mai murmurewa aiki yake yi, aikin da ido ba ya gani.

Saboda haka, kai da ka taso daga ciwo, ko daga makoki, kada ka ji nauyin zamanka. Ubangiji ba ya ƙidaya kunyoyin da ka nome kafin ya ƙaunace ka. Ku kuma masu lafiya, ku kula da harshenku, gama wasa ma yakan tura mutum gona kafin lokaci. In kun ga ɗan'uwa zaune a ƙofar gida, ya ce muku da sauƙi, ku ɗan zauna tare da shi, sa'an nan ku tambaye shi wace gona ce ta rage ba a nome ba.