Karen Jatau da Rijiyar Tsauna

An ce wai a zamanin da, a wani gari da ake kira Tsauna, an yi wani alƙali mai suna Mu'azu. Ba a taɓa kama shi da cin hanci ba, ba a kuma taɓa jin ya karkata hukunci don girman wani ba. Aibinsa ɗaya ne: in aka buɗe masa zancen ilimi mai daɗi, sai ya manta akwai mai jira.

A garin akwai wani tsohon maharbi da ake kira Jatau, ba mata, ba ɗa, sai wani baƙin kare mai suna Duna. Idon Jatau ya fara dushewa, saboda haka karen ne ke kai shi daji, shi ke dawo da shi gida. Kowa a Tsauna ya san Duna, domin a shekarar da rijiyoyin garin suka ƙafe, har mutane suka fara ɗaure kaya, shi ne ya toni rairayi a bayan ganuwa, ya lashi ruwan da ya tsattsafo, ya dawo da laka a hanci. A gurbin aka haƙa rijiyar da garin ke sha. An raba wa mahaƙa goro, an sa musu albarka. Karen kuwa ko ƙashi ba wanda ya jefa masa.

Ana nan sai wata bazara mai tsananin zafi, ƙishirwa ta kai Duna harabar masallaci, ya sa baki a randar alwala. Ladan Hashimu ya gan shi, ya ƙwalla kururuwa kamar an yi gobara. Mutane suka taru da sanduna suka yi masa lilis, suka ɗaure shi a turke a filin kasuwa, inda babu inuwa ko ta kara. Jatau kuma dogarai suka tsare shi a zauren alƙali.

Ladan ya ce, “Allah ya gafarta Malam, wannan ƙazamin ya ɓata mana ruwan sallah. Duk ruwan da bakin kare ya taɓa ya tashi daga aiki. Jama'a sun ce a kashe shi a jefar bayan gari.”

Jatau ya durƙusa ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ban musa laifi ba. Amma a fara ba shi ruwa, yana cikin rana.”

Alƙali ya ɗaga hannu ya ce za a zo kan wannan. Ya ga lamarin da wuya. In ya sa a kashe karen, ya zubar da jini ba da hujja ba. In ya sake shi haka kawai, za a ce ya wulaƙanta masallaci, kuma sanduna suna nan a hannun masu su. Sai ya ce duk mai ilimi a kan kare ya matso.

Nan fa aka buɗe bakin jaka. Wani malami ya karanto labarin samarin da suka fake a kogo, karensu ya shimfiɗa ƙafafunsa a bakin ƙofa, har aka ambace shi a Littafi. Wani ya tashi ya kawo hujjar masu ƙyamar kare, wani ya mayar masa. Wani Buzu fatake mai suna Agali, da ya kawo gishiri, ya ce a ƙasarsu tauraron da ya fi kowane haske Kare suke kiransa, yana bin sawun ubangidansa a sama, su kuma ayari suna bin sa a cikin rairayi. Ya ƙara da cewa ya ji daga mutanen gabas cewa kakanninsu na dā har gunki suka sassaƙa da kan kare, wai shi ke raka matattu. Majalisa ta ɗauki salati, alƙali yana ta gyaɗa kai, daɗi ya cika shi.

Jatau dai kunnensa yana kasuwa. Da safe yana jin haushin Duna, da rana ta take sai ya koma jin kuka siriri. Ya roƙi dogari, dogari ya ce ba a umarce shi ba. Ya roƙi wata mai fura da ke wucewa, ta ce, “Baba, ka yi haƙuri. In na ba shi a ƙwaryata, sai na wanke ta sau bakwai, a wannan tsadar ruwa?” Haka kowa ya ce a ransa. Mutanen da ke wucewa da tuluna daga rijiyar suka riƙa ratse wa turken, kowa yana tattalin ƙwaryarsa.

Magariba ta yi ba a gama ba, aka ɗage zama. Washegari aka dasa daga inda aka tsaya. Har alƙali ya juyo ya ce, “Jatau, ku maharba me kakanninku suka ce a kan kare?”

Jatau ya ce, “Allah ya gafarta Malam, sun ce yana jin ƙishirwa.”

Aka yi dariya, alƙali bai yi ba. Sai ya sa a kawo kwando cike da ƙasa a ajiye a gaban Ladan. Ya ce, “Abin da na sani a littafi shi ne a wanke mazubi sau bakwai, ban ga inda aka ce a kashe ba. A wanke randa, magana ta ƙare. Amma kun ce duk ruwan da bakin kare ya taɓa ya haramta. To, bakin wannan karen ne ya fara taɓa ruwan rijiyarku, kafin gugan kowa. In maganarku gaskiya ce, a cike rijiyar yau, sannan a kashe shi. Ladan, ga kwandon farko, kai za ka fara zubawa.”

Ladan ya dubi kwando, ya dubi jama'a, ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya motsa. Can sai aka ɗauki kabbara, ana cewa ba a taɓa jin hukunci irin wannan ba. Waɗanda suka doki karen jiya su ne suka fi kowa yabo.

Jatau bai tsaya godiya ba. Ya fita yana laluben hanya da sandarsa, ya ari guga ya jawo ruwa, ya cika hularsa, tunda ba mai ba shi ƙwarya. Ya iso turken yana kiran sunan Duna. Karen yana kwance, igiya ta miƙe iya tsawonta wajen rijiya, harshensa a ƙasa, ƙudaje sun riga sun taru. Tsohon ya tsuguna ya shafa shi, ya ji jikin ya sandare. Ruwan ya tsiyaye daga hular ya bi ƙasa.

Alƙali ya iso da jama'a a bayansa, suna ta maimaita hikimarsa. Da ya ga gawar karen, sai ya tsaya cak. Jatau bai ɗago ba, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, an yi mana adalci. Na gode.”

Wannan godiya ta fi zagi ciwo a zuciyar Mu'azu. Ya juya ga mutanensa ya ce, “Ku daina yabona. Mun girmama kare a kogo, mun girmama shi a cikin taurari, wanda ke bakin ƙofarmu kuma muka bar shi ya mutu yana fuskantar rijiyar da ya tona mana. Ni da nake da ikon cewa a ba shi ruwa, ina zaune ina jin daɗin zance.”

Jatau ya saɓa gawar karensa a kafaɗa, ya nufi ƙofar gari yana tuntuɓe, babu mai ja masa gora. Ba a sake ganinsa a Tsauna ba.

Shi ya sa masu hankali ke yi wa duk mai riƙe da hukunci gargaɗi: ka fara shayar da wanda ke hannunka kafin ka bincika laifinsa, domin adalcin da ya iso bayan rai ya fita, alƙali kaɗai yake yi wa ado.