Baƙo a Gidan Ubansa

An yi wani mutum a wani gari, Jatau sunansa, masaƙin tabarma. Ku matso, jama'a, wannan labari daɗi gare shi.

Mahaifinsa, Malam Barmo, tsufa ya zo masa da cutar mantuwa. Likitocin yanzu sun ce a cikin ƙwaƙwalwa, inda jijiya ke haɗuwa da jijiya, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ma'aikata masu ƙera abin da ke riƙe tunani. In suka gaza, mahaɗar ta lalace, sai mutum ya manta har da ɗan cikinsa. Mutanen da ba su san haka ba, sai suka ce tsoho ya haukace.

Kullum da safe in ya ga Jatau a tsakar gida, sai ya rarumi sanda yana ihun ɓarawo. Dangi suka taru suka ce, "Jatau, a sa masa mari a ɗaure, kafin ya fasa maka kai."

Jatau ya ce, "Ubana ne. Ku ba ni lokaci."

To, ku saurara. Bawan Allahn nan ya lura tsoho ya manta komai, amma bai manta karɓar baƙo ba. Sai ya riƙa fita ta bayan gida, ya zagayo ƙofar zaure, ya yi sallama.

Ai kuwa sai tsoho ya washe baki. "Maraba da baƙo. A kawo ruwa, a kawo tabarma."

Tabarmar da Jatau ya saƙa da hannunsa, ita ake shimfiɗa masa. Furar da ya saya, ita ake ba shi, yana godiya. Wallahi abin na burge ni. Shekara da shekaru yana baƙunta a gidan ubansa, kuma ba wanda ya sake zancen mari.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da tsoho, ya kama hannun Jatau ya ce, "Malam baƙo, ina da ɗa, Jatau. Ya daɗe bai zo ba. In ka gan shi, ka ce na yafe masa. Allah ya ba shi hali irin naka."

Jatau yana hawaye yana murmushi ya ce, "Zai ji, Baba."

Jama'a, biyayya ba sai an gane ka ba. Wanda ke da tsoho a gida, mai tambaya ɗaya sau goma, kada ya daka masa tsawa. Yau in ka koma, tsaya a ƙofa ka yi masa sallama.