Gadon Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, in kun bar surutu!

Ta zo mu ji ta, Iya, mun yi tsit!

To, tsoho Damo ne, yana da gona da rumbu da ɗaki a gindin kuka, amma Allah bai ba shi haihuwa ba. Sai ya ɗauki Bushiya riƙo tun tana 'yar mitsitsiya. A lokacin bayanta sumul yake, ba ƙaya ko ɗaya. Ita ke noma, ita ke daka, ita ta kewaye gonar da shingen ƙaya. Damo kuwa yana da ƙane, Guza, can bakin kogi. Shekara bakwai ko leƙe bai yi ba.

Rannan maƙwabcinsu Hankaka ya zo ya ce, "Malam Damo, ka san 'yar riƙo ba ta gado. Ka kira shaidu biyu ka yi mata wasiyya. Shari'a ta ba ka har kashi ɗaya cikin uku."

Damo ya ce, "Auzubillahi! Mutuwa kake kira mini?"

Hankaka ya tafi. Da damina ta kama ya dawo. "Malam Damo, in wasiyya ce ke ba ka tsoro, ba ta kyauta tun da ranka. Ka damƙa mata a hannu."

Damo ya ce, "Haba, duk gari an san 'yata ce. Bari a yi girbi."

Ku ji fa! Sai ka ce da "an sani" ake shiga gaban alƙali. Wallahi tsohon nan yana ba ni haushi.

Aka yi girbi, ciwo ya kwantar da Damo. Hankaka ya dawo karo na uku. Damo ya ce, "To, kawo shaidu." Hankaka shaida ɗaya, ya nemo Kurege na biyu. Ashe Guza ya ji labari, ya riga ya cika wa Kurege kumatu da gyaɗa, ya ce, "Kai dai ka yi ta gaisuwa."

Suka zauna. Damo ya buɗe baki, sai Kurege ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Hankaka ya ce, "To, Malam Damo, bismilla."

Kurege ya ce, "Tsaya mana, ban gama ba. Baba, yaya muka ji da damina? Yaya haƙurin rashin kakanka?"

Hankaka ya ce, "Kakan nan shekararsa hamsin a ƙasa!"

"To ai ban samu zuwa gaisuwa ba."

Shi kuma Damo, maimakon ya ce a bar zancen, sai ya gyara kwanciya ya kama labarin kakansa. Bushiya na tsugunne a bakin ƙofa, kunya ta hana ta cewa uffan. Ya za ta ce wa wanda ya rene ta ya yi sauri?

Hankaka ya buga fiffike ya ce, "Don Allah, wasiyya!"

Kurege ya ce, "Saura ɗaya. Baba, ya aka samo gonar nan tun asali?"

Damo ya faro daga saran daji, ya bi ta shekarar fara, ya bi ta shekarar yunwa. Can da ƙyar ya ce, "To, ku shaida, gonar nan tawa..." Sai ya yi atishawa. Shi ke nan, rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku sai ga Guza, yana kuka ya fi kowa. Aka je gaban alƙali Dila don rabon gado.

Dila ya ce, "Hankaka, me mamaci ya ce?"

"Allah gafarta Malam, na san abin da yake nufi."

"Ban tambaye ka nufinsa ba. Me ya ce?"

"Ya ce gonar nan tasa."

"Kurege fa?"

"Haka ya ce, sai atishawa."

Dila ya dafe kai ya ce, "Bushiya, kin yi wahala, amma ba wasiyya, ke kuma ba magajiya ba ce. Gona da rumbu da ɗaki na Guza ne. Sai dai, Guza, ka ji tsoron Allah ka ba ta wani abu."

Guza ya duba, ya duba, ya ce, "Ta kwashe shingen, ai ita ta yi abinta."

Bushiya ta tashi ta nufi gonar. Ta tattara ƙayar, ta aza a baya, ta fita daga gidan da ta girma a ciki. Ba inda za ta sauke, don ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa. Har yau ƙayar na bayanta, in ka taɓa ta sai ta dunƙule a kan abinta, don shi ke nan gadonta.

Saboda haka, in akwai wanda kake so ka bar wa abu, ka faɗa da bakinka gaban shaidu tun kana da lafiya. Kuma ka taƙaita gaisuwa.

Ƙurunƙus kan Kurege, shi da gyaɗarsa!